Wayar Totur ta Baba Hagu-da-Dama

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Aminci ya tabbata a gare ku.

Mai girma shugaban wannan taro, malaminmu da ya buɗe mana da addu'a, babban likitan asibitin unguwa da ma'aikatansa, musamman ungozomomin da nake hangowa a layi na biyu, shugaban ƙungiyar masu haya da babura, dattawan layin kanikawa da suka ɗora mini wannan nauyi, maƙwabta da abokan arziki, 'ya'yan marigayi da jikokinsa, sai kuma uwar gida, yayata da muka fito ciki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa, da sannu da haƙuri.

Ku yi mini afuwa in kun ga ina dafa tebur. Gwiwa ce ta ƙi, kuma kwana biyun nan barci ba ya zama. Ga wanda bai san ni ba, ni ne ake kira Auta. Shekarata sittin da huɗu, furfura ta cinye kaina, amma har yau Auta nake, don ni ne na ƙarshe a ɗakinmu. Bakaniken babur ne ni. Marigayi mijin yayata ne, shi ya koya mini riƙe sifana, kuma rumfata tana manne da tasa shekara talatin da takwas. Ni Maigida nake ce masa. Ku kuma kun fi saninsa da Baba Hagu-da-Dama.

'Yan layi sun zaɓe ni ne don a ganinsu babu wanda ya fi ni saninsa. Sun yi gaskiya, sai dai ba su san iyakar gaskiyar da suka faɗa ba. Don haka bari in gaya muku tun yanzu abin da ya tsayar da ni a nan, kada a ce na yi ta zagaye. Akwai wata magana da ake faɗa a kan mutumin nan shekara talatin da ɗaya. Ana cewa gudun ganganci ya yi da babur, ya kayar da matarsa, ya karya mata ƙugu. An faɗe ta a layinmu, an faɗe ta a gidanmu, an faɗe ta a cikin ɗakinsa. Ya tafi kabari da ita a kansa. Yau na zo in sauke masa ita, don ba tasa ba ce. Amma kafin nan zan fara da abin da aka aiko ni in faɗa.

Ya kasance mutum mai buɗe rumfa kafin kowa. Duk sammakon da za ka yi, sai ka iske ya share gabansa, ya share naka, ya jera sifanu a kan tsumma daga ƙarama zuwa babba. In ka ari lamba goma ka mayar da ita wurin sha biyu, ba zai yi maka faɗa ba. Zai dai tashi a gabanka ya gyara, sannu a hankali, har ka gwammace da ma zagin ka ya yi.

Ya kasance mutumin da ba ya canza abin da zai gyaru. Mu muna yi masa tsiya, muna cewa masu sayar da kayan gyara da kansu za su zo su yi masa ƙorafi. Ya ce su zo, akwai benci.

Ya kasance shugaban layinmu shekara goma sha biyu, ba don ya nema ba. A zamaninsa aka daina zubar da baƙin mai a kwata. Ganga ya samo ya ajiye a ƙarshen layi, kuma da farko shi kaɗai ke zubawa a ciki, muna kallonsa muna dariya. Wata shida ya yi yana bin rumfa-rumfa da gwangwani kowace yamma yana kwashe namu. Kunya ce ta gyara mu, ba doka ba. Matan da ke bayan layi, waɗanda yaransu suka daina shigowa gida da ƙafafu baƙi ƙirin, sun zo gaisuwa ranar da ya rasu, na gan su.

Ya kasance mai kula da baburan asibiti ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Kowace Litinin da safe zai ɗauki jakarsa ya taka har can, ya bi baburan ungozomomi ɗaya bayan ɗaya: birki, taya, sarƙa, totur. Babbar ungozoma da ta yi ritaya tana nan zaune, ta ba ni izinin in faɗi wannan. Wata Litinin an kira ta haihuwa, ta fito a guje, ta iske ya cire mata tanki ya ajiye a ƙasa. Ta ce ta zage shi tas a ranar. Bai ɗago kai ba, ya ce mata, "Baiwar Allah, minti huɗu. Matar can tana buƙatar ki iso ne, ba ki taso ba." Ya nuna mata wayar totur ɗinta, saura sili biyu ta tsinke. Ta ce a minti huɗun ya gama, ta kuma isa, aka haifi 'ya mace.

To, sunan nan nasa. Yara da yawa a nan sun taso sun ji ana cewa Hagu-da-Dama, ba su san mafarinsa ba. Duk babur ɗin da aka kawo masa, ko da faci kawai za a yi, ba ya barin sa ya bar rumfa sai ya tayar da shi, ya bar injin yana silo, wato yana aiki a hankali, ya kama kan babur ɗin ya juya shi hagu har ƙarshe, ya tsaya ya saurara, ya juya dama har ƙarshe, ya sake saurarawa. In muryar inji ta canza ko ƙanƙani, babur ba zai tafi ba. Masu haya sun sha kuka da shi, fasinja na jira shi yana sauraren inji kamar mai jin labarai. Su suka laƙaba masa sunan don tsokana, ya karɓa. Yanzu babu rumfar da ba a yin haka a layinmu, kuma Allah kaɗai ya san ƙafafu nawa wannan ɗabi'a ta tsare.

Ana kuma yi masa wata dariyar. Bakaniken babur ne da ba ya hawa babur. Ƙafa yake takawa, ko ya shiga motar haya. Sai a ce ai wanzami ba ya son jarfa. Wasu kuma su rage murya su ce tsoro ne, tun ranar da ya yi gangancinsa. Har da ni ake wannan dariya, jama'a, kuma na san ba wanzanci ba ne.

Bari in ɗan yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani, don ku gane abin da zan faɗa. Totur shi ne abin da kake murɗawa da hannun dama. Daga nan wata siririyar waya ta taso, ta bi ta wuyan babur, ta shige ƙarƙashin tanki, ta isa kafireta. In ka murɗa, wayar ta ja wani ɗan ƙarfe sama, mai ya ƙaru, inji ya ɗaga murya. In ka saki, sifirin ya mayar da shi. Wayar nan tana da hanyarta. Dole ta bi ta ƙarƙashi, a sake, yadda ko ina ka juya kan babur ba za ta ɗame ba. In ta bi ta inda ba nan ba, kana tafiya miƙe lafiya lau, ba ka jin komai. Ranar da ka karya kan sosai, sai wayar ta ɗame ta ja kanta, babur ya zabura ba tare da hannunka ya motsa ba. Kuma ba ka ganin hanyar nan sai ka cire tanki.

Maigida yana da wani baƙin babur, tsohon yayi, mai salansa ɗaya da fitila zagayayya. Ya girmi babbar 'yarsa. Tun a wancan lokacin ma tsoho ne, amma in ya tayar da shi daga ƙarshen titi ake gane muryarsa. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, wayar totur ɗinsa ta fara maƙalewa. A makon ne kuma ƙarfe ya yanke Maigida a tafin hannu, aka ɗinke aka naɗe. Mahaifiyarmu tana kwance ba lafiya, za su je duba ta shi da Yaya da hantsi. Sai ya turo babur ɗin rumfata, ya miƙo mini sabuwar waya, ya ce, "Auta, sa mini wannan, hannun ya ƙi."

A lokacin ni ba yaro ba ne, kada wani ya nema mini uzuri. Shekarata talatin da uku, ina da rumfata, ina da 'ya'ya huɗu. Na san aikin sarai. Amma babura uku na jira na, masu su suna tsaye a kaina, tankin kuma cike yake da mai, cire shi aiki ne. Sai na ce a raina, waya ce fa kawai. Na zare tsohuwar, na cusa sabuwar ta inda ta ga dama ta shiga, na ɗaura sama na ɗaura ƙasa. Na murɗa na saki, ya koma. Na ce masa an gama. Ya ce madalla. Bai duba ba, don aikina ne, kuma shi ya koyar da ni.

A kwanar bayan kasuwa abin ya faru, inda ake karyawa hagu a matse, ga kwata mai zurfi a gefe. Duk wanda aka tambaya abu ɗaya ya faɗa: sun ji inji ya yi ƙara kamar za a tashi sama, sai suka ga babur ya haye bakin kwata. Maigida ya gurje, Yaya ta faɗa ciki da ƙugunta. Mutane ƙara suka ji, sai suka ce gudu ne. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa, wa ke gudu a kwanar da ko keke sai ya rage?

Ni da aka zo aka gaya mini, ina jin an ce inji ya yi ƙara a kan kwana, sai na gane. Na sani. Tun ban isa asibiti ba na sani.

A barandar asibiti na iske babban yayanmu, Allah ya jiƙansa, ya tsare Maigida a jikin bango. Ba zan maimaita abin da ya faɗa masa ba, akwai jikoki a nan. Ya dai ce an ba shi amana ya mayar da ita abin wasa, ya ce tsohon banza mai son a ce ya iya. Ina tsaye tsakanina da su bai fi taku uku ba. Maigida ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, sannan ya mayar da kansa ƙasa ya ce, "Laifina ne, Babban Yaya. A yi haƙuri." Ni kuma na yi shiru. Na ce a raina bari hankali ya kwanta tukuna, gobe zan faɗa.

Goben nan ita ce yau.

Yaya ta yi wata huɗu a kwance, ta tashi da sanda, kuma da ita take tafiya har yanzu, ga ta nan jingine da kujerarta. Babban yayanmu ya yi shekara shida bai taka gidansu ba. Yaya ta ce ba ta son ta sake ganin babur ɗin da idonta. Maigida ya tura shi ɗan ɗakin da ke bayan rumfarsa, inda muke tara tsofaffin tayoyi, ya lulluɓe shi da tamfol, ya sa kwaɗo. Mabuɗin kuma ya rataye shi a ƙusa a jikin ginshiƙin da ya raba rumfarsa da tawa, daidai inda nake rataye rigata. Kullum da safe sai hannuna ya goge shi. Daga wannan makon ne ya fara juya kan babur hagu da dama.

Na sha cin abinci a gidansu. In hadari ya haɗu ƙugun ya motsa, sai Yaya ta dafa bango ta ce, "Ga tsarabar gudunka nan ta tashi." Ba da ƙiyayya take faɗa ba, ciwo ne ke magana. Shi kuma sai ya ce, "Sannu," ya tashi ya ɗora ruwan zafi. Ni ina zaune da loma a hannu. 'Ya'yan nan sun taso suna jin haka. Babban ɗansa, ga shi nan, da ya kai munzalin hawa babur uwarsa ta hana, ta ce jinin ubansa ne a jikinsa. Na ji wannan ma da kunnena, na sunkuyar da kai na ci gaba da cin abincina.

Kada ku ce ban yi niyya ba. Na yi niyya ta fi ɗari. Amma magana irin wannan kullum ƙara nauyi take. A shekarar farko kunya ce, a ta goma kuma sai ka ce ai tonawa ma cutarwa ce. Har na koya wa kaina cewa wataƙila bai sani ba, wataƙila shi ma ya ɗauka hannunsa mai ciwo ne ya kuɓuce. Da wannan nake samun barci.

Wata biyu da suka wuce, lokacin ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya, ya sa aka kawo shi layi wata Talata bayan la'asar. Ya zauna a bencinsa yana haki. Da ya huta sai ya nuna ƙusar da haɓarsa ya ce, "Auta, ɗauko mabuɗin can. Fito mini da shi."

Kwaɗon ma sai da na zuba masa kananzir. Na yaye tamfol, ɓeraye sun cinye kujerar, tayoyi sun zauna, tsatsa ta hau ko'ina. Na turo shi waje da ƙyar, ni ma ba ƙarfin ne da ni ba yanzu. Maigida ya miƙo hannu ya murɗa totur. Ya tafi da ƙyar, yana ƙara, da ya saki kuma sai ya tsaya a inda yake.

Ya ce, "Ya maƙale. Gyara."

Na ce, "Maigida, me za ka yi da shi? Kai da ko tsayuwa ba ka iyawa."

Ya ce, "Ni ba inda za ni da shi. Amma bayan raina wani zai buɗe ɗakin nan. Ko jikana, ko wani ɗan mutane da za a sayar wa. Zai zuba mai, ya buga, ya hau. Ba zan bar tarko a ɗaki in tafi ba."

Na ɗauko kayan aiki.

Jama'a, aikin totur aikin awa ɗaya ne. Kwana huɗu na yi ina yin sa. Ranar farko na kwance hannun, na zare robar, na iske tsohon giris ya bushe ya zama kamar ƙaro. Na kankare, na goge ƙarfen da sanfefa har ya yi haske, na wanke da kananzir. Rana ta biyu na sauke kafireta. Man da ya kwana a ciki shekara talatin ya daskare, ɗan ƙarfen ya manne ko motsi. Na jiƙa shi, na yi ta lallaɓawa da yatsa har ya saki, don in ka sa ƙarfi ka ƙarce shi ka gama da shi. Sifirin ya mutu, na bi rumfa biyar kafin in samu mai kama da shi. Rana ta uku na gyara abin da ba a ce in gyara ba: fulogi, birki, sarƙa, har fitila na goge. Kullum ana kawo shi bayan la'asar, ya zauna ya dafa sandar da aka ba shi a asibiti, yana kallo. Bai ce mini in yi sauri ba. Wani lokaci ya yi gyangyaɗi, ya farka, ya ce, "Lamba goma tana ƙarƙashin ƙafarka."

Komai na taɓa a jikin babur ɗin nan ban da tanki.

Rana ta huɗu ba sauran abin da zan fake da shi. Na tsaya ina goge hannu da tsumma, ina ta gogewa. Sai ya ce, a hankali, "Auta, cire tankin."

Ƙusa biyu ce ke riƙe da shi. Na kwance su. Na ɗaga tankin na ajiye a ƙasa. Ga wayar nan yadda na bar ta. Ta haye ta saman maɗaurin tanki ta dama, a ɗame, maimakon ta bi ta ƙarƙashi. Na kama kan babur na juya hagu, muna kallo ta miƙe tsaf ta ja. Ko makaho ya shafa zai gane.

Na tsuguna a wurin. Ban iya ɗago kai ba. Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

Ya ce, "Tun muna cikin iska, kafin mu sauka."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba? Kana ji Babban Yaya yana ci maka mutunci."

Ya nemi numfashi, sannan ya ce, "Ni mijinta ne. Za ta yi fushi da ni, ta kuma zuba mini abinci. Kai fa? Ƙaninta ne da ta goya. In ta ji kai ne, ƙugu ya tafi, ƙani ya tafi. Ga layi kuma, wa zai sake kawo maka babur, da yara huɗu a gida? Kuma kada ka ɗauke duka. Bakaniken da ya ɗora iyalinsa a kan babur bai juya kansa ya saurara ba, shi ma yana da nasa kason."

Na ce, "To me ya hana ka gyara shi da kanka tuntuni? Minti goma ne a wurinka."

Wallahi amsar da ya ba ni ita ce ta hana ni barci har yau. Ya ce, "Aikinka ne. Ban saba karɓe wa mutum aikinsa ba. Na rataye maka mabuɗi inda za ka gani, na ce wata rana za ka zo ka ƙarasa." Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Ka dai daɗe, Auta."

Na yi kuka a gaban rumfa da rana tsaka, tsoho da ni. Mai faci na kusa da mu ya leƙo, Maigida ya ce masa fetur ne ya shiga mini ido.

Da na natsu ya ce, "To, wannan karon bi da ita ta ƙarƙashi." Na sa sabuwar waya, na ɗiga mata mai kaɗan, na bi da ita hanyarta, na bar mata sakewa. Na mayar da tanki, na zuba mai. Bugu na tara ya tashi, da hayaƙi da tari, sannan ya daidaita, muryar nan tasa ta da ta dawo. Na murɗa na saki, ya koma da kansa, ƙwas. Maigida ya ce in kama shi ya miƙe. Ya dafa kafaɗata da hannu ɗaya, ya kama kan babur da ɗayan. Ya juya hagu har ƙarshe, ya saurara. Ya juya dama har ƙarshe, ya saurara. Inji bai canza murya ba. Ya ce, "To." Ya koma ya zauna.

Kafin a zo ɗaukarsa na ce masa, "Yaya fa?"

Ya ce, "Wannan kuma ba ni da sifanarsa. Naka ne."

Kwana goma sha ɗaya ya yi bayan nan. A cikinsu na je gidan sau uku da niyyar in faɗa a gabansa. Sau uku Yaya tana kawo mini ruwa da sandarta, tana cewa, "Auta, ka rame, ba ka cin abinci ne?" Sau uku ina sha ina tashi. Na huɗun, a bakin ƙofa na ji kuka.

Yaya, na san wannan ba wurin da ya kamata ki ji ba ne. Ya kamata a ce a ɗaki ne, mu biyu. Na gwada na kasa, kuma na san in na bar yau ta wuce zan sake cewa gobe. Sannan a bainar jama'a aka ɗora masa, ya dace a bainar jama'a a sauke. Ba gudu mijinki ya yi ba. A hankali yake tafiya da ke, yadda ya saba. Ni ne na ƙi cire tanki don ina sauri. Sandar nan da kike dogarawa, ni na ba ki ita.

Kada kuma ki ɗora wa kanki komai a kan maganganun da kika faɗa masa. Abin da aka gaya miki kika riƙe, kuma duk da haka kin zauna da shi, kin dafa masa, kin yi jinyarsa da ƙugu ɗaya har numfashinsa na ƙarshe. Shi da bakinsa ya ce mini, mai ciwo yana da haƙƙin ya yi fushi da wani, gara ya zama wanda zai iya ɗauka. Ban zo neman gafara yau ba, ban kai nan ba tukuna. Gobe da safe zan zo gida. In an buɗe mini, na gode. In ba a buɗe ba, zan dawo jibi.

Ku kuma 'ya'yansa, musamman kai babba da aka hana ka hawa babur saboda jinin ubanka: jinin nan da ake faɗa, ka riƙe shi da kyau. Ban taɓa ganin mai haƙuri da taka-tsantsan irin mahaifinku ba. Babur ɗin yana ɗakin bayan rumfa, an gyara, shi da kansa ya duba. Ga mabuɗin, zan ajiye shi a kan teburin nan. Ku hau, ku sayar, ko ku bar shi, babu sauran tarko a jikinsa.

'Yan'uwana na layi, kun aiko ni in yabi shugabanmu, na zo na tona kaina. Ku yi haƙuri, ban san wata hanyar da zan yabe shi da ta fi wannan ba. In kun ga ban cancanci zama a cikin dattawanku ba, ba zan yi gardama ba. Abu ɗaya nake roƙo a madadinmu duka: kada wani babur ya bar layin nan ba a juya kansa an saurara ba, kuma in yaro ya tambayi dalili, a gaya masa gaskiya, har da sunana.

Muna godiya ga shugaban taro, da malam, da likitocin da suka yi ɗawainiya da shi, da maƙwabtan da suka riƙa kai shi layi suna dawo da shi a kwanakin nan huɗu ba tare da sun san me ake yi ba. Muna godiya ga duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, bawanka ne ya zo maka a gajiye. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka masa shi. Ya rufa wa wani asiri shekara talatin da ɗaya bai taɓa gori ba, ya Allah ka rufa masa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka ba 'ya'yansa da jikokinsa haƙuri, ka albarkaci bayansa. Ka sassauta wa yayata ciwon jikinta, da wanda na ƙara mata yau. Mu kuma da muka rage, ka ba mu ikon ƙarasa aikinmu tun masu jiran mu suna da rai. Amin.

Na gama. Yaya, ba gudu ya yi ba.